Tsakure da Fosta: Aikin Ma'aikacin Lafiyar Abala Ne?

A watan Satumba na 2010, wata uku kafin a yi bikin ƙaddamar da allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a Wagadugu, an fara yi wa jama'a ita a wasu ƴan gundumomi da aka zaɓa a Burkina Faso da Mali da Nijar. A Nijar, Filinge aka zaɓa. A lokacin Abala tana cikin Filinge, sai a 2011 aka yanke ta ta tsaya da ƙafarta. Mutum sama da dubu ɗari uku, daga ɗan shekara 1 zuwa mai shekara 29, suka miƙa damtse, ma'aikatan lafiya na wannan ƙasa ta Kurfai kuma suka bi su da takarda da biro: wa ya yi zazzaɓi bayan allura, wa wurin ya kumbura masa, wa aka kwantar. Daga waɗannan takardu aka fitar da rahoton da mujallar Vaccine ta buga a 2012. Allurar ta zagaye ƙasashen Sahel, har sanƙarau nau'in A, wanda ya haddasa annobar 1996 da ta ci rayuka wajen 25,000 a Afirka, ya zama da wuya a ji ɗuriyarsa.

Ke nan ba yau ilimin lafiya ya fara fitowa daga wannan yanki ba. Abin da ake ja-in-ja a kansa shi ne wa zai ɗauke shi ya kai gaban duniya. Duk shekara kira yana yawo a wayoyin ma'aikatan lafiya ta WhatsApp: za a yi taro a Yamai, ko Dakar, ko Kigali, mai bincike ya turo tsakure kafin rana kaza. Tsakuren nan kalma 250 ne ko 300, a sashe huɗu: me ya sa aka yi binciken, ta wace hanya, me aka gano, me za a yi da shi. Kwamiti ya duba. Wanda aikinsa ya burge a ba shi minti goma ya yi jawabi, saura a ce su kawo fosta, wato takarda ɗaya mai faɗin santimita 84 da tsawon 119, a kafa ta a jikin allo cikin ɗaruruwan irinta, mai ita ya tsaya a gefe awa ɗaya ko biyu yana jiran wanda zai rage tafiya ya yi masa tambaya. Shin wannan aiki ne da ya dace likitan gundumar Abala, ko majo mai riƙe da asibitin karkara a Sanam, ya ɓata dare a kansa?

Masu cewa ya dace sun fi jingina da rajista. Duk wanda ya taɓa shiga CSI, wato asibitin karkara, ya san littafin nan mai faɗi da ke kan teburin duba marasa lafiya: kwanan wata, suna, shekaru, ƙauyen da mutum ya fito, abin da gwajin jini ya nuna, maganin da aka ba shi. Ƙarshen wata majo ya zauna, sau da yawa da hasken waya, yana ja ƴan layuka biyar-biyar yana tarawa, ya cika rahoto, rahoto ya tafi gunduma, a zuba shi a manhajar DHIS2, ya wuce Yamai. Shi ke nan. Mutumin da ya tara alƙaluman bai taɓa zama ya yi musu tambaya ba, domin ba a taɓa ce masa nasa ba ne. Su kuwa masu wannan ra'ayi suka ce tsakure shi ke tilasta wa mutum tambaya. Ba ka iya rubuta kalma 250 a kan "matsalolin lafiya a Abala". Dole ka matse, ka ce: cikin yaran da aka fara ba maganin kariyar zazzaɓin damina a zagayen farko, nawa suka kai zagaye na huɗu, kuma daga waɗanne ƙauyuka aka fi ɓacewa? Ranar da majo ya samo amsar wannan, ko bai taɓa taka filin jirgi ba ya ƙaru, ya san inda zai tura ƴan sa-kai na kiwon lafiya baɗi.

Hujjarsu ta biyu ta fi zafi, kuma akwai gaskiya a ciki. Idan ɗan gida bai rubuta ba, wani zai rubuta. A 2019 mujallar BMJ Global Health ta buga wani nazari da ya bi takardun bincike sama da 7,000 kan lafiya a Afirka kudu da Sahara, aka tarar wajen rabi ne kawai sunan ɗan ƙasar da aka yi binciken a cikinta ya zo na farko. Sauran, ɗan gida yana tsakiya, ko yana cikin sakin layin godiya, ko babu shi sam. Wanda ya yi yawo cikin rana, ya san hakimi, ya san yaren da za a lallashi uwa ta yarda a ɗebi jinin ɗanta, shi ne "mai tattara bayanai". Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya juya alƙaluman shi ne "mai bincike". Ba a fita daga wannan sai an koyi rubutun, tsakure kuwa shi ne matakin farko, domin ya fi cikakkiyar maƙala sauƙi nesa ba kusa ba.

Sukan kuma kawo misalin Mirya, a jihar Damagaram. A can ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka yi wata tambaya da ba ta buƙatar na'ura: idan aka koya wa uwa auna damtsen ɗanta da ɗan tef ɗin nan mai launi uku, ja ƙasa da milimita 115, ruwan ɗorawa zuwa 125, kore daga nan sama, za ta iya gane tamowa kamar yadda ma'aikaci yake ganewa? Aka gwada, aka ga tana iyawa, aka buga sakamakon a 2015 da 2016. Yau ana koya wa iyaye mata wannan awo a ƙasashe da dama. Da an bar shi a rahoton ƙarshen shekara, da yana nan a Mirya. Haka gwajin rigakafin gudawar yara na Rotasiil da cibiyar Epicentre ta yi a Madarumfa, wanda aka buga a 2017, da gwajin maganin azithromycin na MORDOR da aka yi a Boboye da Loga, wanda ya nuna raguwar mutuwar yara da kusan kashi 18 cikin ɗari a Nijar. Ƙauyukan Nijar sun sha canza yadda ake jinya a duniya.

To amma a nan ne masu ɗaya ra'ayin suke tsayar da su. Suka ce a dubi misalan da kyau. Madarumfa da Boboye da Mirya ba majo ne ya tashi shi kaɗai ya yi su ba. Ayyuka ne masu kuɗi, da motoci, da masana lissafi, da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai binciken. A ɗauki nasarar irin waɗannan a ce wa mutumin da shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai karɓar haihuwa da tsakar dare, shi ne mai lissafin magani, "kai ma rubuta", wannan ɗora wa mai kaya kaya ne. Kowace sa'a da ya ba tsakure daga wani wuri ya cire ta, ko daga barcinsa ko daga layin matan da ke zaune a inuwa tun hantsi. Idan kuma aka karɓi aikin ya tafi taro, mako guda ne ko fiye, domin daga Filinge zuwa Yamai kaɗai wajen kilomita 180 ne, Abala kuma tana can gaba wajen iyakar Mali, a hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba. Wa zai riƙe asibitin?

Wannan hujja ce mai nauyi, amma ba ita ce ta fi tsaya mini a rai ba. Wadda ta fi ita ce ta lissafi, kuma da wuya a ji ana faɗinta a ɗakin taro. Kusan duk abin da ake rubutawa a sashen sakamako kaso ne: kashi kaza cikin ɗari na yara sun sami rigakafi, mutum kaza cikin dubu sun kamu. Kaso kuwa yana buƙatar a san jimillar mutanen yankin. A ina ake samo ta? Daga ƙidayar 2012 ake ɗorawa, a ƙara kaso kaɗan kowace shekara. Amma a 2012 ɗin ne yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali, dubban mutane daga wajen Menaka da Anderambukan suka tsallako aka kafa musu sansani a Abala. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a yankin. Daga baya ƙauyuka suka yi ta watsewa, mutanensu suka tattaru a manyan garuruwa. Ga makiyaya, Fulani da Buzaye, da ke haurawa arewa da damina su gangaro da kaka. Ga samarin Kurfai da ke tafiya ci-rani. Wace takarda ce ta san adadin yaran da ke kwana a Abala daren yau?

A ɗauka, misali kawai, takarda ta ce yara 800 ke yankin wani asibiti, aka yi wa 900 allura domin ƴan gudun hijira sun ƙaru. Lissafi zai ba da kashi 112 cikin ɗari, a ja dogon layi kore a fosta, a tafa. Alhali wataƙila yaran sun kai 1,300, ɗari huɗu ba a gan su ba. Ko kuma a ga masu zazzaɓin cizon sauro sun ragu a rajista daga 2020, a rubuta cewa gidan sauro ya yi aiki, a manta cewa a farkon shekarar ne aka hana hawa babur a sassan Tilaberi saboda tsaro, babur kuwa shi ne motar asibitin talaka. Mara lafiyar da bai iso ba, ba ya cikin rajista. Fosta mai launi da zane tana sa a yi wa rogo kallon kitse, kuma wanda ke tsaye gabanta a Kigali ba shi da hanyar ganewa. Kalma 250 ba ta da wurin dogon bayani, sashen da aka fi yankewa idan wuri ya ƙure kuwa shi ne na faɗin raunin aikin.

Suna da sauran hujjoji. Akwai kuɗi: rajistar taro, tikiti, masauki, buga fostar kanta, wadda sai an je Yamai. Akwai biza. A taron duniya kan cutar SIDA da aka yi a Montreal a 2022, ƴan Afirka da yawa da aka gayyata ba su samu shiga Kanada ba, har abin ya zama abin kunya ga masu taron. Ga ɗan Nijar lamarin ya ƙara tsauri tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma an rufe shi a farkon 2024. Akwai harshe: manyan taruka da Turancin Ingilishi ake yi, ma'aikacinmu da Faransanci ya yi karatu, mara lafiyarsa kuma Hausa yake ji, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek. Sannan akwai abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba, wato kuɗin zama. Inda albashi bai taka kara ya karya ba, tafiya taro takan zama ita ce manufar, tsakure ya zama tikiti. Nan ake samun sunan shugaba a saman aikin da bai karanta ba, wanda ya yi wahalar kuma ya ga hotunan taron a waya.

Ko a ƙasashen da ba su da ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, yawancin fostoci a zauren taro suke mutuwa. Ƙungiyar Cochrane ta tattara nazarce-nazarce a 2018 da suka shafi tsakure sama da 300,000, ta tarar kashi 37 cikin ɗari ne kawai suka zama cikakkiyar maƙala a mujalla. Kusan biyu cikin uku an naɗe su an sa a kwali, an jingine bayan ƙofar ofis.

Abu na ƙarshe da suke kawowa ba na wasa ba ne. A wurin da masu ɗauke da makamai ke sa ido kan wanda ke hulɗa da gwamnati, taswirar da ke nuna ƙauyen da ƴan sa-kai suka shiga da ranar da suka shiga tana iya jawo wa wani bala'i, fostoci kuwa yanzu ana ɗaukar hotonsu a watsa a intanet. Haka hoton yaro mai tamowa da ake mannawa a kusurwa don jan ido: wa ya tambayi uwarsa, kuma da ta ce to, ta san ina hoton zai je? Ƙasar Hausa ba ta manta Kano ta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a tsakiyar annobar sanƙarau, abin da ya jawo shari'ar da ba a sasanta da gwamnatin jihar ba sai 2009. Yardar da ta sa mutanen Kurfai suka miƙa damtse a 2010 ba abin arha ba ce. Ko rajista kawai mutum zai duba, akwai izinin hukuma, akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kuma ba a tsallake su don ranar rufe karɓar tsakure ta matso.

Da na auna, sai na ga ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Na farko suna kare rubutun, na biyu suna sukar tafiyar da adon da ke tare da ita. Ana iya raba su.

Rubutun ina goyon bayansa, har ma a Abala, ko in ce musamman a Abala. Matsalar jimillar mutane da masu suka suka kawo ba ta hana rubutu ba, ita ce ma abin rubutawa. Babu wanda ya fi majon da ya ga kashi 112 a takardarsa sanin cewa alƙalamin ƙarya yake yi, kuma babu abin da masu tsara rigakafi a Yamai da Janeba suka fi buƙatar ji kamar wannan. Tsakuren da ya ce "mun sa ƴan sa-kai sun ƙirga yara gida-gida a unguwanni kaza, mun tarar sun zarce abin da ke takarda da kaza, ga abin da hakan ya yi wa lissafinmu" ya fi tsakure goma masu cewa an yi nasara. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Yana buƙatar tambaya ɗaya, lokaci ƙayyadadde, wuri ƙayyadadde, a faɗi adadi tsirara kafin a faɗi kaso, a kuma keɓe jimla ɗaya, ko me za a yanke, ta faɗin waɗanda ba a iya kaiwa gare su ba da dalili. Kwamitin da ya san aikinsa ya fi girmama wannan jimla a kan dogon Turanci.

Fosta kuwa, ina ganin an juya tsarin ne. Wurin da ya kamata a fara kafa ta shi ne taron gunduma, inda shugabannin asibitoci ke haɗuwa, domin su ne za su ce "a'a, wancan watan ai maganin ne ya yanke, shi ya sa adadin ya faɗi". Babu farfesan da zai kama wannan kuskure. Daga nan a kai ta gaban kwamitin kula da asibiti, da hakimai, da matan da aka ƙirga ƴaƴansu, a faɗa musu da bakinsu abin da aka gano, ko a karanta a rediyon gari. Wannan ma yana gyara fostar. Wanda ya iya gaya wa tsohuwa sakamakonsa a jimla ɗaya ta gane, ya samu kan fostarsa, wanda za a rubuta da manyan baƙaƙe a hango daga nesa. Abin da ya rage zane ɗaya ne ko biyu da ƴan layuka, ba a kwafe rahoto gaba ɗaya a cusa da ƙananan haruffa ba. Tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ban ga abin da zai hana a buga fosta biyu ba, ɗaya ta bango a gida, ɗaya ta tafiya.

Tafiyar ma ba lalle sai Turai ko Amurka ba. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES tana Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni tana Yamai, Epicentre tana Maraɗi, kuma taron lafiyar jama'a na hukumar Africa CDC, da aka fara ta intanet a 2021 aka yi a Kigali a 2022 da Lusaka a 2023, an kafa shi ne don irin waɗannan ma'aikata. Sakkwato da Kano da Zariya ma ba su da nisa, cututtukanmu ɗaya, daminarmu ɗaya, kuma a bakin allo ana iya sauka daga Turanci a koma Hausa a fahimci juna.

Inda masu suka suka fi ni gaskiya, kuma ban ga yadda za a kauce musu ba, shi ne batun lokaci da suna. Ba a koyon wannan aiki daga saƙon waya. Shirye-shirye irin su SORT IT na hukumar lafiya ta duniya, da horon bin diddigin annoba da ƙungiyar AFENET ke tallafawa, sun gane haka, shi ya sa suke haɗa ma'aikaci da malami su bi shi tun daga tambaya har bugawa. Gundumar da ke son ganin sunanta a littafin taro sai ta biya farashinsa: ta ba majo kwanakin da zai zauna da rajistarsa, ta turo wanda zai riƙe masa asibiti, ta haɗa shi da mai duba masa lissafi, sannan a rubuta tun ranar farko cewa sunansa ne zai zo a gaba, kuma idan tikiti ɗaya aka samu nasa ne. Idan ba za a iya yi masa wannan ba, a daina turo masa kiran, a bar shi ya ji da layin da ke jiransa a ƙofa.